Kwanon da Mai Shari'a Ya Mayar

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Mai Shari'a Abdulhamidu makwancinsa. A lissafi haka ne, amma ni a wurina kamar makon jiya muka rabu a bakin zaurensa yana ce mini in rage surutu. Ban rage ba, ga shi yau surutun ya kawo ni har jarida.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Garba, tsohon malamin makaranta ne ni a nan Sakkwato. Mahaifin marigayin da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji, ni ɗan mace, taubasai ke nan. Saboda haka duk faɗin garin nan ni kaɗai nake da lasisin zaginsa ido da ido. Lauyoyi suna rusuna masa, 'yan sanda suna ƙame masa, ni kuwa in na shiga sai in ce, “Bature, an tashi lahiya?” Sunan tsokanar da na laƙa masa ke nan. Ya harare ni ta saman tabarau, in zauna in sha shayinsa. Mun yi sama da shekara sittin muna gardamar wane ne ubangidan wani, har ya tafi ba a yanke hukunci ba.

Duk shekara in wannan lokaci ya zagayo, sai a yi ta yabonsa, kuma ya cancanta. Amma akwai wata magana da ake saƙawa a ƙarshen yabon, da murya ƙasa-ƙasa, wai da bai bar kujerar shari'a ya bi kujerar minista ba, da ba a yi kamarsa ba. Ma'ana dai shi ma kwaɗayin mulki ya ja shi. Na daɗe ina jin wannan magana ina haɗiyewa, domin shi ya hana ni tankawa. Yanzu duk na gida da abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafata ta fara nauyi. Gara in faɗi abin da na gani da idona tun bakina yana motsi.

Gidansu yana kusa da Hubbare, gidan sarauta ne kuma gidan karatu. Irin gidan da yaro yake buɗe ido ya ga kakansa a zaure da littafi a cinya, mutane sun zagaye shi. Sai dai Hamidu, haka muke kiransa a gida, bai san mahaifiyarsa ba, ta rasu yana cikin tsumma. Wata mata ce a Ƙofar Dundaye, Inna Kulu, matar wani baduku, ta karɓe shi ta haɗa shi da ɗanta Mamman ta shayar da su tare. Ba danginmu ba ce, ba ta da komai, kuma ba ta taɓa yarda an biya ta ba. Har ya yi wayo a ɗakinta yake kwana, cikin warin jima da ƙamshin daddawa. Da aka mayar da shi babban gida sai da aka yi da gaske, yana kuka tana kuka.

Kansa yana ja, wannan ko ni mai hassadarsa ban musa ba. Ya gama karatun gida, ya yi na boko, gwamnati ta tura shi Ingila karatun lauya. A can ya faɗa hannun wani tsohon alƙali Bature, ɗan babban gida irin waɗanda suke gadon kujera a majalisar sarakunan ƙasar, wanda ya taɓa riƙe muƙamin gwamnati kafin ya koma kotu. Hamidu ya ce gidan tsohon ya fi unguwarmu girma, amma da rana shi kaɗai yake cin abincinsa a ofis, gurasa da ɗan cuku, don kada ya zauna teburi ɗaya da wanda gobe zai tsaya a gabansa. Abin ya shiga ransa ƙwarai. Da ya dawo ya ba kakanmu labari, tsohon bai ko ɗaga kai ba, ya sa aka ɗauko wani littafin fiƙihu ya buɗe masa babin alƙalanci, inda malamai suka hana alƙali karɓar kyautar mai ƙara da amsa gayyatar da aka shirya dominsa. Na ce masa ashe ya ƙetare teku ne ya sha sanyi a banza, abin yana cikin zaurensu. Bai yi dariya ba. Tun daga ranar ya riƙe wannan ƙa'ida da hannu biyu, tunda ta zo masa ta ƙofa biyu.

Ya fara da majistare, aka yi ta yawo da shi garuruwa, ya zama alƙalin babbar kotu, daga baya aka ba shi Babban Joji na jiha. Na sha zuwa kallonsa, ba don ina da ƙara ba, sai don in ga yadda mutum mai hankali yake ɗora hular gashin doki a kansa cikin zafin Sakkwato. Zufa tana bin wuyansa, shi kuwa ko gezau, yana rubutu da hannunsa kalma bayan kalma. Ba ya tsawa. In lauya ya cika kewaye-kewaye, sai ya ajiye alƙalami ya zuba masa ido kawai, kafin ka ce me lauyan ya tattara takardunsa. In kuwa baƙauye ne ya tsaya yana rawar jiki, sai ya juya harshe ya yi masa Sakkwatanci tsantsa, har mutumin ya manta a kotu yake.

Abin da ya jawo masa baƙin jini a gari shi ne kaɗaici. Ku da kuka san Sakkwato kun san yadda muke: suna, ɗaurin aure, gaisuwar rasuwa, kwanon abinci ya fita wannan gida ya shiga wancan. Shi kuwa jana'iza kaɗai yake zuwa, ya yi salla ya juya. Zauren da kakansa yake cika da jama'a, a zamanin Hamidu sai tabarmi. 'Yan uwa suka ce girman kai ne, wasu suka ce Turawa sun canja masa zuciya. A yau da nake ganin hotunan manyan ma'aikata a wayar jikokina, ana yi musu liƙi a wurin biki suna murmushi, nakan ce da Bature yana nan da hawan jini ya kashe shi karo na biyu. Ban ce kowa ya lalace ba, akwai na kirki har gobe. Amma kunyar a gan ka a inda bai kamata ba ta ragu, shi kuwa da ita ya rayu.

Kwano ɗaya ne tak yake shiga gidansa daga waje, na Inna Kulu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a kawo shi, hoce ne, irin wainar dawa da ake gasawa a nan, da miyar sure, wato yakuwa a bakin mutanen gabas. Tun yana majistare take aikowa in yana gari. Zai tuɓe babbar riga, ya zauna a ƙasa, ya ci da hannu har ya suɗe. Ni ma saboda kwanon nan nake yawan kai masa ziyarar Juma'a, ba don ina kewarsa ba.

Inna tana da gona da ta gada a wajen Kalambaina. Wata shekara wani ɗan kwangila mai haƙar farar ƙasa ya shigo da katafila ya ci kusan rabinta, ya ce a cikin filin da ya saya take. Aka yi ta zaman sulhu bai yiwu ba. Mamman, ɗan Inna, ya kai ƙara babbar kotu. Ba a gaban Hamidu shari'ar take ba, yana ganin sunan ya tura ta ga wani alƙali. Amma shi ne Babban Joji, duk alƙalan a ƙarƙashinsa suke, shi yake raba musu aiki. A ganinsa, daga ranar Inna ta zama mai ƙara a kotunsa.

Juma'ar da ta biyo baya ina zaune aka shigo da kwano. Na riga na wanke hannu. Ya dubi kwanon ya daɗe, sannan ya ce kada a buɗe.

“Garba, kai za ka mai da shi. Bakinka ba shi laihi.”

Na ce, “Bature, ka yi hauka? Abincin Inna na hwa!”

“Na sani.”

“To kawo in canye shi nan, a mai da kwano wanke. Wa za shi sani?”

Ya ce, “Ni na sani. Kuma wanda yag ga shigowatai cike, za shi ga hitatai wanke.”

Matarsa ta fito ta roƙe shi har da hawaye. Ta ce a garin nan ko maƙiyinka ya aiko maka da abinci ba ka mayar masa da shi a rufe, karɓa kake yi ka ba wani. Mayar da kwano cike, ai cewa ka yi ba ka yarda da hannun da ya dafa ba. Duk ya san wannan, a nan aka haife shi. Na ce to ya tashi mu tafi tare ya yi mata bayani da bakinsa. Ya ce motar Babban Joji ba za ta tsaya a ƙofar mai ƙara ba a makon da aka shigar da ƙara. A nan ne ya yi kuskure, kuma na gaya masa tun a lokacin. Ƙin cin abincin yana da hujja, amma uwa ba a yi mata aike da irin wannan magana.

Na ɗauki kwano na nufi Ƙofar Dundaye, yana ƙona mini hannu don ko hucewa bai yi ba. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ta dubi kwanon, ta dube ni.

“Lahiya? Ba shi gari?”

“Shina nan, Inna.”

“Ciwo shika yi?”

“Lahiyatai lau.”

Na tsuguna na yi ta kwana-kwana, ina kawo doka, ina kawo littafi. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar sai da na yi in'ina. Ta bari na gama, ta buɗe kwanon ta ga ko gutsura ba a yi ba, ta mayar da murfi a hankali.

Ta ce, “Ashe yanzu ni mai ƙara ta. To ka ce mai na ji. Tunda abincina ya zan toshiyar baki, shi duba littahinai shi gani ko nonon da yas sha shi ma toshiya na. In shi na, shi maido min.”

Na kai masa saƙon yadda aka ba ni, ban rage ko wasali ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Daga ranar kwano bai sake zuwa ba.

Da Salla ta zo ya ga ƙura ta ɗan lafa, gaisuwar Salla kuma kowa yana yi wa kowa, sai ya shirya ya tafi a ƙafa, ni ina biye. Muka yi sallama a zaure. Matar Mamman ta leƙo tana sunkuyar da kai, ta ce Inna ta ce a gaya masa alƙali ba ya shiga gidan mai ƙara, kuma ba ita ta yi dokar ba. Babban Joji guda ya tsaya a zauren baduku yana kallon takalminsa. Haka aka yi a babbar Salla, haka aka yi a shekarar da ta biyo. In ya aika da hatsi ko turmin atamfa, kafin la'asar an dawo da su, ɗaurin ko kwancewa ba a yi ba. Inna ta koya masa cewa ita ma ta iya mayar da kaya.

Mu duka mun ɗauka shari'ar za ta ƙare a yi sulhu. Ina! Wanda ya san shari'ar fili ya san halinta. Yau lauyan ɗan kwangila ba shi da lafiya, gobe mai awon ƙasa bai zo ba, jibi an canja wa alƙali wurin aiki a faro daga farko. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, tifa tana ta kwasar gonar Inna. Na same shi na ce ba cewa na yi ya sa a ba ta gaskiya ba, ya dai yi wa alƙalin tari ɗaya a daina ɗage zaman. Ya ce tarin Babban Joji umarni ne, kuma akwai tsofaffi da yawa da shari'arsu take jiran layi, waɗanda ba su shayar da kowa ba. Na zage shi tas a ranar, zagin da ba na wasa ba. Ya saurara har na gaji, sannan ya tura mini kofin shayi.

Amma abin yana cinsa. Mutumin da ba ya fashin cin abinci ya koma tsakura. In an sauko Juma'a sai ya ce wa direba a bi ta Ƙofar Dundaye, ko da yake ba hanyarsa ba ce, a rage gudu daidai lungun, ba ya cewa a tsaya. Mamman, wanda suka sha nono ɗaya, in sun haɗu a jana'iza sai ya ba shi hannu kamar baƙo. Ba gonar ce take hana Hamidu barci ba, ya san ko ba jima ko ba daɗe kotu za ta yi aikinta. Tsoronsa ɗaya ne, kada Inna ta mutu ba ta yafe masa ba.

Ana nan sai ta kwanta ciwo. Ƙafafu suka kumbura, aka kai ta asibiti aka dawo da ita, likita ya ce a dai ci gaba da lallaɓawa. A daidai wannan lokaci gwamnatin tarayya ta sake aiko masa da tayin kujerar minista. Na ce ta sake, domin an yi masa tayin a baya ba sau ɗaya ba, yana cewa shi bai iya taron siyasa ba, kuma duk duniya ba aikin da yake so kamar wanda yake yi. Wannan karon sai na ji a rediyo wai ya karɓa. Na bar abin da nake yi na tafi gidansa da shirin yi masa tsiya, na tarar yana kwashe littattafansa daga kabad yana jerawa a kwali.

Na ce, “Bature, ashe kai ma kana son jiniya?”

Bai juyo ba ya ce, “Garba, Inna ba ta tashi. In tat tahi da hushina, wace kotu za ni ɗaukaka ƙara?”

Sai na gane. Muddin yana kan kujerar, ita mai ƙara ce, shi alƙali. Ba zai taɓa shari'ar ba, ita kuma ba za ta buɗe masa ƙofa ba, shari'ar kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Ritaya ba ta zo ba, kuma in ya ajiye aiki haka kawai za a ce wani abin kunya ake rufewa, a ɓata sunan kotun. Kujerar minista ita ce ƙofar da zai fita ta cikinta ba tare da an tambayi dalili ba. Ya zaɓi a ce masa makwaɗaici da a ce uwarsa ta tafi tana fushi da shi. Ya kuma sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba, don kada a ce tsohuwa ce ta tayar da Babban Joji.

Ranar da ya miƙa makullin ofis, bayan la'asar, muka tafi. Wannan karon bai jira izini ba, ya tuɓe takalmi a zaure ya shige. Tana kwance a tabarma a inuwar dogon yaro, ta rame har ba na son kallonta. Ya durƙusa a gefenta da babbar rigarsa a cikin ƙasa.

Ya ce, “Inna, ni na, Hamidu. Na aje aiki. Yanzu ni ba alƙali na ba.”

Ta buɗe ido ta dube shi. Can ta ce a tayar da ita zaune. Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana dubawa, kamar mai neman wani tabo da ta sani.

“Wa yas sa ka?”

“Ba kowa, Inna. So nikai ki yahe min.”

Ta ce, “Kai dai Hamidu ba ka da wayo tun kana goye. Hushi niy yi, ƙwarai kuwa. Hushin uwa na, ina ruwanai da aikinka? Tambayi matan unguwag ga, wace ta ban gaya ma ba, cewa ɗana ko abincin uwatai ba shi ci in tana da ƙara? Da shi nika yi musu hwankama. Jira nikai a gama shari'a ka zo in ja kunnenka, shi ke nan.”

Ya sunkuyar da kai. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ban ji daɗin ganinsu ba ko kaɗan. Ta ɗora hannu a kansa.

“Zancen kwano na yahe, duniya da lahira. Allah shi yi ma albarka. Amma aje aikin ga da kay yi, ba ni kac cuta ba balle in yahe. Masu haƙƙin na can zaune bakin kotu. Su za ka nema.”

Ta sa surukarta ta yi hoce, don ita hannunta ya daina. Gishiri ya yi yawa a miyar, ya cinye bai bar mini ko loma ba. Kafin ya tafi kama sabon aiki kullum yana wurinta, kuma yana riƙe da hannunta ta cika, bayan 'yan makonni. Abin da ya nema ya samu. Sai dai ta sauke masa kaya ɗaya ta ɗora masa wani, kuma alƙalin da ya ajiye aiki ba ya komawa. Ko tsaya wa Mamman a matsayin lauya bai samu yi ba, doka ta hana tsohon alƙali. Shari'ar ta ƙare bayan rasuwarta da shekaru, kotu ta ba Mamman gaskiya, aka miƙa masa gona rabinta rami ne da ruwa ya kwanta a ciki.

Ya yi ministan, kuma ya yi shi tsakani da Allah. Ya jagoranci gyaran wasu dokoki, an tura shi sasanta rikici a wurare, ya wakilci ƙasa a waje, har ya koma Ingila ya ziyarci kabarin tsohon maigidansa. Masu rubuta tarihi sun fi ni sanin wannan ɓangare. Ni abin da na sani, bai taɓa jin daɗin aikin ba, kuma da wa'adi ya cika ya dawo gida da akwatunan da ya tafi da su. Wanda ya gaje shi a kotu mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai yana da taushi, ana iya shiga wurinsa. Duk lokacin da Hamidu ya ji labarin wata bazawara da shari'arta ta maƙale, ko wani marayan da aka danne, sai ya ɗora wa kansa laifin. Nakan ce masa ko yana nan ba zai gyara duniya ba. Yakan ce ba duniya aka ba shi ba, kujera ɗaya aka ba shi, ya tashi ya bar ta don bukatar kansa.

Da ya dawo sai ya buɗe zauren da ya rufe shekara da shekaru. Duk mai rigimar gado ko iyakar gona ya zo, ya zauna da su a tabarma, ya saurara, ya sasanta, ba ya karɓar ko goro. Ya koma zuwa suna da ɗaurin aure, yana cin abincin kowa, har ya yi tumbi na samu sabon abin tsokana. Mutane suka ce tsufa ya sauke masa girman kai. Ni na san neman masu haƙƙin yake yi, kamar yadda Inna ta ce, ko da yake bai san fuskokinsu ba.

Na sha auna abin nan a raina cikin shekarun nan, ban samu matsaya ɗaya ba. Wani lokaci in ga ya yi daidai, domin wane ne zai so ya tsaya gaban Allah da fushin wadda ta shayar da shi? Wani lokaci in ga Inna ce da gaskiya, da ya ƙara haƙuri, ko da ya tafi da ƙafarsa tun ranar farko, da duk ba a kai nan ba. Ba waliyyi ba ne, mutum ne mai taurin kai da ya iya karanta zuciyar mai laifi daga nesa, amma ya kasa karanta ta uwarsa. Hukunce-hukuncensa suna nan a littattafai, an ce ɗaliban lauya suna karantawa. Ni abin da ya rage mini daga gare shi shi ne na taɓa ganin mutumin da yake tsoron haƙƙin mutane fiye da yadda yake tsoron bakinsu. Ina kewarsa, kuma ban samu wanda zan zaga ba tun da ya tafi.

A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi da hantsi, na tarar an jingina shi da matashi. Na fara tsokanarsa cewa ya tashi ya biya ni shayin da nake binsa. Ya yi ɗan murmushi, ya kama hannuna ya ce, “Garba, kana jin sun yahe?” Na san su wa yake nufi. Duk tsawon zamanmu ban taɓa rasa amsar da zan ba shi ba sai a wannan tambaya, domin ni ma ba haƙƙina ba ne.

Shi ya sa na kawo maganar nan inda za ta isa wurin da ƙafata ba za ta kai ba. In kai ne, ko mahaifinka, ko kakarka, kuka yi zaman bakin babbar kotu a shekarun da ya tashi, kuka ga jinkiri ko kuka sha wuyar da kuke jin da yana nan ba za ku sha ba, to ku sani ya san da ku, kuma ya neme ku har ya mutu. Ni taubashinsa ne, ban taɓa roƙa masa komai a wurin kowa ba. Yau ina roƙo. Don Allah ku yafe masa.